Ciwon sukarin goyon ciki

ciwon sukarin goyon ciki (suna, namiji): Hauhawar sukari a jinin mace wadda ake fara ganowa tana da juna biyu. Sinadaran mabiyiya ne ke dakushe aikin insulin, sai sukari ya taru a jini. Galibi ba ya nuna alama.

*Gwaji:* Ana yinsa wurin awon ciki, tsakanin mako na 24 da na 28. Mace za ta kwana ba ta ci komai ba, a ɗebi jininta, ta sha gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2.

*Magani:* Rage zaƙi, daidaita cin tuwo da shinkafa, yawaita ganye da wake, tattaki bayan cin abinci. In sukarin bai sauka ba, likita kan ba da metformin ko allurar insulin. Sakaci kan sa jariri ya yi girma har haihuwa ta yi wuya.

*Bayan haihuwa:* Yakan tafi, amma haɗarin ciwon sukari nau'i na 2 yana nan. A sake gwaji mako 6 zuwa 12 bayan sauka, a riƙa maimaitawa.

*Misali:* "Yaya, ki je awo, kada ciwon sukarin goyon ciki ya shammace ki."