Yadda Talauci Ya Zama Abin Jayayya a Cocin Turai

Ƙa'idar da Benedikt na Nursiya ya rubuta a ƙarni na 6 ta hana sufi mallakar komai, ko da alƙalami ne. Sai dai ba ta hana gidan sufaye mallaka ba. Ta wannan kafa gidan Kuluni, wanda aka kafa a Faransa a 910, ya tara gonaki har ya shiga sahun manyan masu ƙasa, alhali kowane sufi a cikinsa fakiri ne a bisa doka.

Da fatauci ya bunƙasa a ƙarni na 12, sai dukiya ta fara damun wasu masu ita. Wajen 1173 wani attajirin Liyon mai suna Waldo ya rabar da abin hannunsa ya kama wa'azi. A 1184 coci ta kori mabiyansa saboda suna wa'azi ba izini. Faransis na Asisi, ɗan mai fataucin yadi, bai yi wa hukuma gardama ba, Paparoma Inosent na III kuwa ya karɓe shi wajen 1209. Faransis ya hana almajiransa taɓa kuɗi: su yi aiki, in abinci bai samu ba su yi bara.

Bayan rasuwarsa a 1226 almajiran suka kai dubbai, ga buƙatar littattafai da makarantu da majami'u. Sai aka ɓullo da dabara a 1245: kayan duk na Paparoma ne, su amfani kawai suke yi. Masu tsauri a cikinsu suka ce wannan wayo ne, kuma da wuya a ce ba su da hujja. An ƙone huɗu daga cikin masu tsaurin a Marsel a 1318. Paparoma Yahaya na XXII, masanin shari'a, ya rusa dabarar da cewa abincin da mutum ya cinye ba a raba amfaninsa da mallakarsa. A 1323 ya yanke cewa bidi'a ce a ce Almasihu da manzanninsa ba su mallaki komai ba.

Duk wannan rigima kan talaucin da mutum ya zaɓa ne. Wanda aka haifa a cikinsa aikinsa karɓar sadaka da yi wa mai bayarwa addu'a. Bayan annoba ta rage ma'aikata, dokar Ingila ta 1349 ta hana ba mabaraci mai lafiya sadaka, wanda ya bayar kuwa ɗauri ne hukuncinsa.