Ciwon Dajin Mafitsara: Yadda Ake Rayuwa Da Shi Da Jure Wahalar Magani

Ciwon dajin mafitsara yana cikin nau'o'in kansa goma da suka fi yawa a duniya. Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu cutar sama da 600,000, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Abin da ya bambanta wannan ciwo da wasu shi ne yawan dawowa bayan an yi magani. Saboda haka jinyarsa ba ta ƙarewa a ranar da aka sallami mutum daga asibiti.

Musabbabi da alamu

Shan taba sigari shi ne kan gaba, domin ana danganta kusan rabin masu cutar da shi. Gubar hayaƙin tana shiga jini, ƙoda ta tace ta, sannan ta zauna a cikin mafitsara tare da fitsari. Akwai kuma daɗewa ana aiki da sinadaran masana'antun rini, roba, fenti da jima.

A Arewacin Najeriya akwai wani dalili babba, wato tsargiya. Ƙwayayen tsutsar da ake kwasowa a rafi, dam da gonakin rani suna maƙalewa a bangon mafitsara, su yi ta ƙwarzanar ta shekara da shekaru. Tun a 1994 hukumar ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

Babbar alama ita ce jini a fitsari, sau da yawa ba tare da zafi ba, kuma yakan ɗauke ya dawo. Wanda ya saba ganin fitsarin jini tun yana yaro yakan ɗauka tsargiya ce kawai, ya sayi magani a kemis. Wannan jinkiri shi ke sa da yawa su isa asibiti bayan ciwon ya ci bango. Duk baligin da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, yana buƙatar ganin likita.

Matakan magani

Idan ƙarin yana saman fatar cikin mafitsara, likita yakan zura siririn bututu mai kyamara ta mafitar fitsari ya kankare shi, ba tare da an yanka ciki ba. Daga nan akan zuba magani kai tsaye cikin mafitsara. Wanda ya fi shahara shi ne BCG, wato sinadarin rigakafin tarin fuka, wanda likita Alvaro Morales ya fara bayar da rahoton amfani da shi ta wannan hanya a Kanada a 1976. Ana zuba shi sau ɗaya a mako har mako shida, majinyaci ya riƙe shi kimanin awa biyu.

Idan kuwa ciwon ya shiga tsokar mafitsara, akan ba da ƙarin ruwan maganin kansa irin su cisplatin da gemcitabine, sannan a cire mafitsarar gaba ɗaya, ko kuma a haɗa maganin da gashi. Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato suna cikin wuraren da aka kafa sashen gashi.

Jure wahalar magani

BCG yakan kawo zafin fitsari, yawan zuwa bayan gida da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. A awa shida na farko ana so majinyaci ya yi fitsari a zaune ko a tsugune don kada ya fantsama, ya zuba bilic a masai, ya wanke hannu da sabulu. Ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba na mako guda bayan kowane zubi. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu kuwa, na komawa asibiti ne.

Ƙarin ruwan maganin kansa yana kawo tashin zuciya, kasala da raunin garkuwar jiki. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi sauƙi a kan cika ciki lokaci guda. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokaci ba na jiran gari ya waye ba ne, kuma kada a yanke hukuncin cewa maleriya ce ba tare da gwaji ba. Dole a sanar da likita duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake sha, domin cisplatin yana wahalar da ƙoda, wasu magungunan gargajiya kuma suna ƙara mata nauyi.

Rayuwa da jakar fitsari

Bayan cire mafitsara, hanyar da aka fi bi ita ce a yanki ɗan guntun hanji a haɗa shi da bututun ƙoda, a fito da bakinsa ta jikin ciki, fitsari ya riƙa zuba cikin jaka mai mannewa a fata. Ana zubar da fitsarin idan jakar ta kai sulusi ko rabi, ana sauya ta kamar sau biyu a mako, da dare kuma a jona ta da babbar jaka domin a samu barci. Ganin majina a cikin fitsarin ba abin tsoro ba ne, daga hanjin take. Shan ruwa kimanin lita biyu a rana yana rage toshewa da kamuwa da ƙwayoyin cuta, musamman lokacin bazara.

Jakar ba ta bayyana a ƙarƙashin kaftani ko zani. Ɗan kasuwa zai iya komawa shago, ma'aikaci ya koma ofis, sai dai a guji ɗaga kaya masu nauyi a watannin farko, kuma a riƙa fita da jaka ta biyu. Da yawa abin da ya fi damun su shi ne tsarki. Malaman fiƙihu suna sanya irin wannan cikin hukuncin mai yoyon fitsari, wanda shari'a ta yi wa sauƙi a alwala da salla. Batun azumi kuwa, a fara jin ta bakin likita.

Tiyatar kan shafi ƙarfin namiji da jin daɗin saduwa ga mace. Kunya takan hana a faɗa, alhali akwai magunguna da dabarun da likita zai iya bayarwa.

Bibiya da kuɗi

Ga wanda aka bar masa mafitsararsa, akan leƙa ta da kyamara bayan wata uku, sannan a ci gaba bisa jadawalin da likita ya tsara, wani lokaci har tsawon rai. Ƙarin da aka gano yana ƙarami ana iya sake kankare shi. Wanda aka bari yakan jawo asarar mafitsara. Jin sauƙi ba dalili ba ne na daina zuwa.

Kuɗin mota, gwaje-gwaje da jakunkuna su ne sukan karya iyali, don haka ya kamata a yi lissafin shekara guda tun farko. Ma'aikacin gwamnati ya bincika abin da tsarin inshorar lafiya na NHIA ya ɗauke masa, ya kuma nemi takardar likita domin hutun jinya. Asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin marasa lafiya da ake kai kuka. Wanda ke shan taba kuwa, daina ta ko bayan an gano ciwon yana da amfani, kuma shi ne matakin da ba ya cin ko kwabo.