Aikin Ungozoma a Ƙasar Hausa: Daga Tsakar Gida Zuwa Ɗakin Haihuwa

Kafin zuwan asibiti, haihuwa a ƙasar Hausa al'amari ne na cikin gida wanda aka rarraba ɗawainiyarsa a hannuwa da yawa. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki, wato ta koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, kuma idan naƙuda ta tashi, kunya takan sa ta durƙusa ita kaɗai a ɗaki, ba a kiran ungozoma sai jariri ya faɗo ko al'amari ya tsananta. Ungozomar nan, wadda galibi tsohuwa ce da ta daina haihuwa, ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, sannan ta tsaya kan wankan jego da ruwa mai zafi, yayin da dangi ke dama kunun kanwa, malam ke ba da rubutu, wanzami kuma ke jiran nasa aikin. Ba ta haɗa mata biyar a dare ɗaya, kuma ba wanda ke tuhumarta idan rai ya yi halinsa. Sai dai tsarin ba shi da abin yi a gaban zubar jini ko jijjiga ko doguwar naƙuda, kuma yankan gishiri da ake yi wa macen da haihuwa ta gagara ya sha barin ta da yoyon fitsari.

Ungozomar zamani ta samu asali ne a ƙarƙashin mulkin mallaka. A 1930 aka kafa hukumar ungozomomi ta Najeriya domin tsara horo da rajista, ta ma'aikatan jinya ta biyo baya a 1947, kuma a 1979 aka haɗe su suka zama hukuma guda. Arewa ta shiga wannan tsari a makare, saboda Turawa sun taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, alhali mishan ne kan gaba wajen horar da mata a Kudu, ga kuma ƙarancin 'yan matan da suka yi karatun boko mai zurfi. Wannan giɓi, wanda har yau ba a cike shi ba, yana cikin tushen wahalar da ake gani a ɗakunan haihuwa.

Wani tushen kuma shi ne yadda jama'a suka ɗauki asibiti a matsayin wurin da ake zuwa bayan dabara ta ƙare. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda ake kawowa bayan sun galabaita. Abin da wannan ke nufi ga sabuwar ungozoma shi ne ba ta samun damar koyon aiki a hankali daga mai sauƙi zuwa mai wuya, domin macen da ta kwana biyu a kan gwiwa ba ta zaɓar wadda za ta tarar a bakin aiki.

Aikin kansa ya fi ƙarfin mutum ɗaya idan za a yi shi bisa ƙa'ida. Takardar bin diddigin naƙuda, wadda ake cike wa kowace mace, tana buƙatar a saurari bugun zuciyar ɗan da ke ciki kowane rabin sa'a, a ƙirga murɗawar mara, a duba buɗewar bakin mahaifa duk bayan sa'a huɗu, kuma a rubuta komai a lokacinsa. Idan an haihu, ungozoma ce mai yin allurar tsayar da jini, mai ɗinki, mai farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, mai aika dangi neman jini, mai rarrashin mijin da ya ƙi sa hannu a yi tiyata, sau da yawa cikin dare da hasken tocila. Duk abin da tsohuwa da dangi suke rabawa a da ya taru a kanta, haɗe da alhakin rai wanda su ba a ɗora musu ba, kuma abin takaici ne cewa wadda ta fi ƙarancin gogewa ita ce aka fi barin wa aikin dare.

Gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin gyara a 2009 da shirin tura ungozomomi karkara, inda aka haɗa sababbin da suka kammala karatu da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya, aka tsara huɗu ga kowace cibiyar lafiya domin su riƙa karɓa-karɓa dare da rana. Tsarin ya yi ma'ana, amma jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su biya nasu kason na alawus ba, masauki ya yi ƙaranci, mutane suka riƙa janyewa, har aka wayi gari yarinya ɗaya ke riƙe da aikin mutum huɗu. Shirin da aka fara a 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, wanda ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara a shirya su shekara guda kafin su shiga makarantar ungozoma, ya fi kusa da tushen matsalar, domin 'yar gari ta fi zama a garinsu. Amma horo kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar ba a ɗauki isassun ma'aikata ba, kuma bai kamata a bar sabuwar ungozoma ita kaɗai a ɗakin haihuwa ba tare da babba a kusa da ita ba.