Kwabo Mai Huji da Masu Nemansa

A gidanmu da ke Gaya, sana'ar tsofaffin kuɗi ta faro ne a cikin koli. Kakanmu yana yawon kasuwannin ƙauye da allura da madubi da duwatsun wuya, daga nan Gaya zuwa Balare da Toranke a ƙasar Ajingi, ranar Juma'a kuma ya sauka Wudil. Tsohuwar da ba ta da kuɗin da ake karɓa sai ta kwance bakin zane ta miƙo wanda aka daina karɓa, shi kuwa ba ya mayarwa, don ya san inda zai kai shi.

Wurin maƙeran fari yake kaiwa, su ne masu sayenmu na farko. Maƙeri ba ruwansa da shekara ko sunan sarki, nauyi yake saye. Abin da ya fi so shi ne babbar azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ta hamada. Lokacin da matafiyin nan Bature, Barth, ya zo Kano a 1851, irin wannan azurfa guda tana canza wuri 2,500. Kowacce ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinta, shekarar da matar ta rasu, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana, daga baya har da Landan da Rum da Bombai. Saboda haka in wani ya rantse maka cewa tasa ta haura shekara 240 tunda ga lamba a rubuce, ka yi murmushi kawai ka ɗora ta a sikeli. Ta gaskiya giram 28 ce, akwai rubutu zagaye da bakinta, in ka sake ta a kan dutse kuma ƙararta tana ja. Ta dalma tana faɗuwa tim, shi ke nan. Allah kaɗai ya san nawa aka narke aka yi zobba da mundaye da kwalliyar linzami, a Gaya, garin da ake cewa daga cikinsa maƙerin da ya fara sauka gindin Dala ya fito.

Kuɗin Turawa sun cika ƙauyukanmu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga cinikin gyaɗa. Anini, wanda goma suke kwabo, an fara buga shi a 1907 da sanholo, sai ya riƙa cinyewa a hannun mutane, aka sauya ƙarfen a 1908. Shi ya sa anini na sanholo mai lafiyayyar fuska yake da daraja a wurinmu. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fito da sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa a 1913, na azurfa, kafin azurfa ta yi tsada a koma tagulla daga 1920. Manomi ba banki gare shi ba. Tulu yake cikawa ya binne a ƙuryar ɗaki, wani ya rasu bai faɗa wa kowa ba. Har yau yawancin kayan da ke zuwa hannunmu daga nan suke fitowa: katanga ta faɗi da damina, ko magada sun rushe tsohon soro.

Masu saye na biyu Turawa ne. Wajen shekarun 1960 zuwa 1980, baffanninmu suna kai kaya Kasuwar Kurmi da bakin otal-otal na Bompai, suna shimfiɗa su tare da takubba da tandu. A nan aka koyi cewa abin da maƙeri ya raina shi wani yake nema. Bature zai fito da gilashi ya duba ɗan harafin da ke ɓoye a jikin kwabo: H na masana'antar Heaton a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria. Sule biyu masu shekara ɗaya, harafi kaɗai ya raba farashinsu nesa. Sulen 1920 mai harafin G, alal misali, samunsa sai an tona. A nan kuma aka gane illar wanki. Mutanenmu in za su kawo kuɗi sai sun dirje shi da toka da lemon tsami ya yi ƙyalli, su a ganinsu gyara ne. Mai tarawa yana ganin ƙyallin nan zai ajiye, don dauɗar shekarun da aka kankare tana cikin abin da ya zo saye.

Akwai kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya sauka bai cika shekara ba. Labarinsa na da daɗi, kuma an sha cin kasuwa da shi, amma an buga shi da yawan gaske, kusan kowane tulu da shi a ciki. Haka kwabon Tarayyar Nijeriya na 1959, wanda ya yi arhar da har kafintoci suka riƙa sa shi a ƙarƙashin ƙusar kwano bayan naira ta zo a 1973.

To sai waya ta shigo, masu saye na uku suka bayyana, waɗanda ni ban ɗauke su masu saye ba. Su ne masu yaɗa cewa kwabo mai huji yana ɗauke da wani sinadari da ake nema a ƙasashen waje, ana biyan miliyoyi, kamar yadda aka taɓa yi da tsohon dutsen guga da keken ɗinki. Tauraron nan mai tsini shida da rubutun Larabci da ke jikinsa sun taimaka wa ƙaryar, alhali rubutun ƙimar kuɗin kawai yake faɗa. Dabarar ba ta canzawa: wani ya zo neman kwabon ido rufe, abokinsa ya ɓullo da shi a ƙauye na gaba, mai kwaɗayi ya sayar da akuya ya saya, mai nema ya kashe waya. Wani dattijo daga wajen Ajingi ya taɓa kawo mini guda uku a ƙulle cikin leda. Na ce, “Baba, nawa ka saye su?” Da ya faɗa, sai na jawo gwangwanin da nake zuba irinsu na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yaro, rufe abinka.”

Yaran gidanmu yanzu hoto suke ɗauka gaba da baya, su duba kundin masu tarawa a intanet, su ga abin da aka sayar da irinsa a eBay kafin su yi wa mai kaya tayi. Sun fi mu sanin shekaru da haruffa. Abin da suke kawo mini har yanzu shi ne azurfa, in saurari ƙararta, don masu zuba ta jabu sun ƙware da zane, kuma ana kawo ta daga nesa a jakunkuna, an riga an shafa mata dauɗar ƙarya.