Hanyar Labari da Masu Tsare Ta: Daga Salaga zuwa Yendi da Bawku

Tun kafin zuwan waya da rediyo, labari a ƙasar Gwanja yana tafiya ne a bayan jakunan fatake, kuma duk mai ikon da ya riƙe hanyar goro ya riƙe bakin mutane tare da ita. Salaga, wadda Hausawa ke kira Salga, ta bunƙasa ƙarƙashin Tonawa, wato Ashanti, waɗanda suka hana fataken arewa wucewa kudu zuwa dajin goro, ta yadda kaya da labari duka sai sun biyo ta hannunsu. Da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta yi tawaye, amma kasuwarta ta fara ja baya, har yaƙin basasa na 1892 ya watse zangon, malamai da attajirai suka koma Kete-Krachi da wasu garuruwa. A can ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya rubuta waƙoƙinsa kan zuwan Nasara, almajirai suna kwafa da hannu suna yaɗawa, irin rubutun da babu mai gadin hanya da zai iya tarewa.

Abin da ya faru a Yendi, babban birnin masarautar Dagbon, ya fi kusa, ya kuma fi zafi, domin ya auku ne a zamanin mulkin dimokuraɗiyya. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya haramta tace labarai, kuma a 2001 gwamnatin John Kufuor ta soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna. Duk da haka, a ƙarshen watan Maris na 2002, lokacin da gidajen sarautar Abudu da Andani suka gwabza a kan fadar Gbewaa, layukan tarho na garin suka mutu, aka shafe kwanaki ana harbi ba tare da sauran ƙasa ta san gaskiyar abin da ake ciki ba, har aka kashe sarkin Dagbon, Ya Na Yakubu Andani II, da mutanensa da dama ranar 27 ga wata. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, wadda ke ba hukuma ikon jingine wasu haƙƙoƙi na ɗan lokaci, ta kuma umarci 'yan jarida su kai duk labarin Dagbon Ma'aikatar Watsa Labarai kafin su fitar da shi. Ɗan lokacin nan ya kai har 2004, kuma sai a 2019 aka naɗa sabon Ya Na. Shirun da ya rufe Yendi a kwanakin bai ceci ran kowa ba.

A Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya samo tushe tun zamanin mulkin mallaka, mazauna sun saba da dokar hana fita da hana maza hawan babur, abin da ke nufin ɗan kasuwa ya rufe rumfa tun rana ba ta faɗi ba. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta rufe gidajen rediyo huɗu na garin bisa shawarar kwamitin tsaro na jihar, da hujjar cewa kalamansu na rura wuta. Hujjar ba ta rasa nauyi ba, domin baki shi ke yanka wuya, sai dai an rufe su ne ba tare da kotu ta saurari kowa ba, kuma maganar ta koma WhatsApp da Facebook, inda saƙon murya ke yawo ba a san mai shi ba. Ita wannan hukumar ce wadda kotu ta ɗaure wasu tsofaffin shugabanninta a 2020 kan kuɗin sayen na'urar leƙen waya daga kamfanin NSO na Isra'ila, mai manhajar Pegasus.