Baro a Kan Tsohuwar Taswira

Idan muka jera tsofaffin taswirorin Arewa bisa shekarunsu, kamar yadda muke ɗora shafi kan shafi a manhajar taswira, za mu ga lokacin da Kano ta juya fuskarta daga arewa zuwa kudu.

A taswirorin da aka zana bayan zuwan Barth Kano a 1851, hanyoyin ayari ne manyan hanyoyi. Ɗaya ta bi Agadas zuwa Gadamas da Tarabulus, wata ta yi yamma zuwa Gwanja, inda fatake ke saro goro. Garin da ke da rijiya da zango shi ne ke samun suna a takarda.

Bayan shekara sittin sai ga baƙin layi ya taso daga bakin kogin Kwara. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, wani ƙaramin gari a ƙasar Nufe, ya iso Kano a 1911. Me ya kai su Baro? Taswirar da kanta ta ba da amsa: jirgin ruwa na iya hawowa daga teku har nan, ya sauke kaya, jirgin ƙasa ya ɗauka. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. Layin da ya taso daga Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗe da wannan a Minna, kuma da aka gama gadar Jebba a 1916, babu sauran dalilin sauke kaya a sake lodi a bakin ruwa. Buhun gyaɗa ya bar Kano ya zarce Legas kai tsaye. Baro ta koma reshe.

Waɗanda suka ci ribar su ne garuruwan da dogo ya zauna. Kaduna, inda layin ya ƙetare kogi, ta karɓi hedikwata daga Zungeru a 1917. A Kano kuwa, gine-gine suka fara fitowa a wajen ganuwa, kusa da tasha, har da Sabon Gari.

A 2019 an ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. Layin Minna zuwa Baro yana nan a zane a taswirorin wayoyinmu, amma jirgi ya daɗe bai bi ta kansa ba.