Trials of Mana: sabon gini a kan tsohon tushe

A shekara ta 1995 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fito da wasan bidiyo mai suna Seiken Densetsu 3 a kan na'urar Super Famicom. Jarumai shida ne a cikinsa. Mai wasa yakan zaɓi uku, labarin kuma ya sauya gwargwadon wanda ya sa gaba. Shekara 24 wasan ya yi babu fassarar kamfani, sai wadda masoyansa suka yi da kansu. A 2019 ne ya fito da sunan Trials of Mana.

Da Square Enix ya sake gina shi a 2020, faɗa ya ƙara armashi: jarumi na tsalle, yana goce wa sara, ana ganin inda bugun dodo zai sauka. An kuma ƙara babi bayan ƙarshen labarin. Sai dai muryoyin Ingilishi sun tona ramar zancen, wanda a da rubutu ke rufa wa asiri.

Babbar hasara, a ganina, ita ce cire wasan mutum biyu. A 1995 aboki kan zauna gefenka ya riƙe jarumi na biyu. A 2020 daga kai sai na'ura.